Ranar Hutun Shanun Noma A Ƙasar Indiya

Manoman Kalmalo masu garmar shanu, ga wani labari daga Indiya. Shanunsu masu tozo ne irin namu, don an ce asalin namu daga can yake.

Mabiya addinin Hindu suna girmama saniya ƙwarai, har tsarin mulkin ƙasar na 1950 ya nemi jihohi su hana yanka ta. A jihar Maharashtra kuwa akwai wani biki wai shi Pola, wajen watan Agusta. Ran nan ba mai ɗora wa sa karkiya. A kai shi rafi a wanke, a shafa wa ƙahoninsa launi, a rataya masa ƙararrawa, a ba shi waina mai zaƙi, sa'an nan a zaga gari da shi.

To, bauta wa saniya ba al'adarmu ba ce. Amma ku lura da wannan: tun jajibiri sukan murza wa sa mai da gangamau a wuya, daidai inda karkiya ta ci. Watau magani ne. Duk wanda ya taɓa kai sa mai gyambon wuya kasuwar Illela ran Lahadi ya san yadda dillalai ke karya masa kuɗi.