Bature a Matsayin Mugu, Baturiya a Matsayin Masoyiya: Me Ya Sa Finafinan Tamil Ke Komawa Zamanin Mulkin Mallaka?

A shekarar 2024 kaɗai, manyan finafinan Tamil biyu, Captain Miller na Dhanush da Thangalaan na Vikram, sun mayar da masu kallo zamanin Turawan Ingila. Kafin su akwai Paradesi a 2013 da Kaaviya Thalaivan a 2014. Wanda ya fi shiga zukata a wannan jeri shi ne Madrasapattinam na 2010, wanda A. L. Vijay ya ba da umarni, kuma a gare shi ne aibin wannan salo ya fi fitowa fili: an ɗauki zamanin zalunci an yi masa ado har ya zama abin sha'awa.

Labarin sananne ne. Arya ya fito a matsayin Parithi, mai wanki kuma ɗan kokawa a Madras gab da samun 'yanci a 1947. Amy Jackson ita ce 'yar gwamna da ta kamu da son sa. Turawa na so su ƙwace wurin wankin talakawa su mai da shi filin wasan golf, Parithi ya tsaya ya ce ba za a yi ba.

Dalili na farko na komawa wannan zamani a bayyane yake, wato kewar tsohon gari. Madras ta koma Chennai tun 1996, kuma kogin Cooum da fim ɗin ya nuna ana yawo a kansa cikin kwalekwale, yau ruwan ƙazanta ne da ake toshe hanci idan an zo wucewa. Mutumin da ke fama da cunkoso da wari zai biya kuɗi ya ga garinsu da tsabta.

Amma babban dalilin shi ne Bature mugu ne da ba shi da mai kare shi a gidan kallo. A ƙasar Tamil, sana'ar wanki gado ce, kuma masu yin ta suna cikin waɗanda tsarin fifikon asali ya ajiye a ƙasa. Da a ce 'yar wani babban gida na garin ce Parithi ya nema, da labarin ya taɓo ciwon da har yau ake zubar da jini a kansa, domin ana kashe matasa a jihar saboda auren da ya tsallake asali. Irin wannan fim zai jawo zanga-zanga da asarar kuɗi. Da aka sa Baturiya, sai kowa ya samu wurin zama: mai asali da marar asali duk suna tafa wa Parithi, babu wanda aka nuna da yatsa.

Sakamakon bai tsaya a nan ba. Tarihi ya rage nauyi, domin lardin Madras da yunwar 1876 zuwa 1878 ta kashe miliyoyin mutane a cikinsa, wanda aka kwashi 'ya'yansa zuwa gonakin shayi da na roba a Silon da Malaya, ya koma dandalin waƙa da raye-raye. Sannan son farar fata ya ƙara samun gindin zama. Amy Jackson, wadda ta taso a Liverpool, ta ci gaba da fitowa a matsayin 'yar Indiya a finafinai irin su I na 2015, alhali 'yan matan Tamil masu duhun fata na jiran a ba su dama.

Masu kare salon suna cewa fim nishaɗi ne, kuma ya sa yara sun fara tambayar tarihin garinsu. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma waƙoƙin G. V. Prakash Kumar sun cancanci yabo. Sai dai yaron da ya fara tambaya daga nan, amsar da aka tanadar masa rabi ce.

Finafinan baya-bayan nan sun nuna cewa ana iya yin abin da ya fi haka. A Captain Miller, jarumin ya shiga sojan Ingila ne saboda sarakunan garinsu sun hana mutanensa shiga wurin bauta. Thangalaan na Pa. Ranjith ya bi talakawan da suka haƙa zinariya a Kolar, waɗanda masu gonaki na gida suka fara dannewa kafin Bature ya iso. Masu kallonmu da ke bin finafinan kudancin Indiya cikin fassarar Hausa ya kamata su riƙa auna kowane fim da wannan ma'auni: idan ya zagi Bature, ya kuma faɗi wanda ke taka talaka a cikin gida?