Kwanan Tanti a Gandun Dajin Yellowstone

Gandun daji na ƙasa fili ne da gwamnati ke keɓewa, ta hana noma da farauta da saran itace a cikinsa, amma ta bar ƙofa a buɗe ga duk mai son zuwa ya kashe kwarkwatar ido. A yawancin irin waɗannan wurare ba kallo kaɗai ake yi a juya ba. Akwai zangon da aka tanada inda baƙo zai kafa tanti, ya dafa abincinsa, ya kwana a tsakiyar daji. Yellowstone, da ke yammacin Amurka, shi ake ɗauka a matsayin gandun daji na ƙasa na farko a duniya. Ranar 1 ga Maris, 1872, Shugaba Ulysses S. Grant ya sa hannu a dokar kafa shi. Faɗinsa ya kusa murabba'in kilomita 9,000, mafi yawansa a jihar Wyoming, gefensa kuma ya leƙa Montana da Idaho. Tun dubban shekaru kafin dokar, 'yan asalin ƙasar, ciki har da Shoshone, suna zama da farauta a wurin.

Baƙin farko a kan dawakai da kekunan doki suke zuwa, kuma duk inda dare ya riske su nan suke ya da zango. Su sare itace, su harbi namun daji, su ɓamɓari duwatsun bakin maɓuɓɓugai su tafi da su tsaraba. Ɓarnar ta yi yawa, har a 1886 aka danƙa wa sojoji tsaron wurin, suka riƙe shi fiye da shekara 30. A 1915 aka yarda motoci su shiga, a 1916 kuma aka kafa hukumar kula da gandayen daji ta ƙasa. Mota ce ta kawo cunkoso, cunkoso kuma ya tilasta keɓe wuraren kwana. Dabarar ita ce, tunda ba makawa sai mutane sun tattake ciyawa, sun hura wuta, sun zubar da shara, gara a tara su a 'yan wurare kaɗan da za a iya sa wa ido, sauran dajin ya huta. Shi ya sa yau laifi ne mutum ya raɓe a bakin hanya ya kwana a cikin motarsa. A 2021 mutum sama da miliyan 4.8 suka ziyarci wurin. Da kowa zai kwana inda ya ga dama, da ba sauran daji.

Zanguna 12 ne a Yellowstone, da gurabe sama da 2,000, ko da yake wasu shekarun akan rufe ɗaya ko biyu domin gyara. Biyar daga ciki, wato Bridge Bay da Canyon da Grant Village da Madison da Fishing Bridge, wani kamfani ne mai kwangila da gwamnati ke gudanar da su, sauran bakwai kuma hukumar da kanta. Girmansu ba ɗaya ba ne. Bridge Bay da Grant Village kowanne yana da gurbi fiye da 400, sai ka ce ƙaramin gari, alhali Slough Creek gurbi 16 ne kacal a ƙarshen wata hanya marar kwalta. Ta intanet ake kama wuri, watanni kafin tafiya. Wanda ya taso a watan Yuli da tanti a bayan mota, yana sa ran samun gurbi a bakin ƙofa, da wuya bai ƙare da neman masauki a wani gari da ke wajen dajin ba.

Gurbin kansa ba wani abin a zo a gani ba ne. Siririyar hanya ce ke zagayawa cikin dogayen itatuwa, kowane gurbi da lambarsa a jikin ɗan turke. Akwai wurin ajiye mota, da ɗan fili da aka baje domin tanti, da teburin katako haɗe da bencinsa, da murhun ƙarfe mai da'ira da wayar gashi a kansa. A gefe kuma, a galibin gurabe, akwai wani ƙaton akwatin ƙarfe da aka kafe a ƙasa. Manyan zanguna suna da banɗaki na ruwa, wasu har da wurin wanka da wanki na kuɗi. Ƙananan kuwa masai ne na rami da famfon ruwan sha. Mutum shida aka yarda su zauna a gurbi ɗaya. Daga 1 ga Yuli zuwa farkon Satumba ba a wuce kwana 14, don kada wasu su mai da wurin gida. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba hayaniya, janareta kuma, inda aka yarda da shi, ƙarfe 8 na dare ake kashe shi. A zanguna da dama akwai mai kula da baƙi, sau da yawa ɗan sa kai ne da ya yi ritaya, wanda ke zama a motarsa mai ɗaki har ƙarshen kakar yawon.

Abin da ya fi shammatar sabon zuwa shi ne sanyi. Dajin a kan tudu yake. Zangon Canyon yana kan tsayin mita 2,400 daga gaɓar teku, Mammoth da ya fi gangarowa ƙasa ma ya kusa mita 1,900. Da rana a watan Yuli riga ɗaya ta isa, amma da asuba sanyin kan fi na tsakiyar hunturu a Jos, wani lokacin har raɓa ta daskare a kan tanti, kuma babu watan da dusar ƙanƙara ba ta iya sauka. Da la'asar hadari kan taso da tsawa. Saboda haka jakar barci mai kauri da katifar shimfiɗa sun fi tantin kansa muhimmanci, domin ƙasa ta fi iska zuƙe ɗumin jiki. Iska ma ba ta da kauri a wannan tsayi: ɗan hawan tudu sai haki, wasu kuma kan yi ciwon kai a kwanakin farko.

Sai dai mafi yawan dokokin zango a kan abinci suke, dalili kuwa beyar. Iri biyu ne a dajin: baƙin beyar, da girizili mai tozo a kafaɗa, wanda ƙaton namijinsa kan kai kilo 300, kuma yana gudun fiye da kilomita 50 a awa. Hancinsa na jiyo ƙanshi daga nesa ƙwarai. Tarihin zamansa da baƙi abin dubawa ne, domin hukumar da kanta ta taɓa zama mai ɓata shi. Shekaru da dama sharar otal-otal da zanguna a buɗaɗɗen juji ake jibge ta, beyar su taru da yamma suna ci. Har kujeru aka jera wa 'yan kallo a wasu wuraren, sai a farkon shekarun 1940 aka daina wannan wasa. A bakin hanya kuma baƙin beyar kan tsaya a jikin mota yana jiran a miƙo masa burodi ta taga. Sakamakon bai yi daɗi ba: daga 1931 zuwa 1969, a matsakaicin lissafi mutum 48 beyar ke ji wa ciwo kowace shekara a Yellowstone. A watan Agusta na 1967 kuma, a gandun dajin Glacier da ke Montana, girizili biyu suka kashe 'yan mata biyu a dare guda, a wurare daban-daban, kuma dukansu dabbobi ne da suka saba da sharar mutane.

A 1970 Yellowstone ta sauya tsari gaba ɗaya. Aka rufe jujin, aka kawo kwandunan shara da beyar ba ya iya buɗewa, aka tsananta hana ciyar da shi. Wasu 'yan'uwa biyu masana namun daji, Frank da John Craighead, waɗanda tun 1959 suke nazarin girizilin wurin, sun nemi a rufe jujin sannu a hankali, don kada dabbar da ta saba da abincin banza ta afka wa zanguna da yunwa. Hukuma ba ta bi shawararsu ba, kuma abin da suka ji tsoro ya faru: a shekarun farko an kashe girizili masu yawa da suka riƙa shiga wuraren kwana. A 1975 aka sa girizili cikin jerin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, lokacin da aka ƙiyasta saura 136 a yankin. An biya farashi mai tsada, amma 'ya'yan da aka haifa bayan haka sun tashi ba su san tanti da abinci ba. Yanzu girizili sun kai kusan 1,000 a dajin da kewayensa, waɗanda ake ji wa ciwo kuma sun ragu zuwa kimanin mutum ɗaya a shekara.

Amfanin akwatin ƙarfen nan ke nan. Maɓallinsa a ɓoye yake cikin wani ɗan lungu da yatsun mutum ke shiga, dantsen beyar kuwa ba ya shiga. Duk abin da ke da ƙanshi ciki ake sa shi, ko a kulle a cikin mota: abinci, kula, tukunya da kwano ko da an wanke su, murhun gas, sabulu, man goge baki, man shafawa, har da abincin kare. Ba dare kaɗai ba, ko zagawa banɗaki za a yi ba a barin kwano a kan tebur. Ruwan wanke-wanke ba a watsa shi a ƙasa, akwai wurin zuba shi. Alewa ɗaya a aljihun wando ba ta da wurin kwana a cikin tanti. Jami'in da ya tarar da kula a waje yana iya ɗauke ta, ya kuma ci mai ita tara. Wanda ya yi sakacin galibi yakan naɗe tantinsa ya tafi lafiya. Wanda ya zo bayansa ne ke gamuwa da beyar ɗin da ya ɗanɗana, shi kuma beyar ƙarshensa harbi, domin in ya saba ba ya dainawa. A Fishing Bridge, inda girizili ke yawan wucewa, an hana tanti ɗungurungum, sai mota mai ɗaki mai bango mai tauri.

Mai fita yawo a ƙafa ana son ya riƙe gwangwanin feshin barkono a ƙugu, ba a can cikin jaka ba, a tafi mutum uku ko fiye, ana magana da ƙarfi don kada a yi wa dabba ba-zata. In an yi kiciɓis, gudu ne babban kuskure. Girizilin da ya kawo hari don kare 'ya'yansa, kwanciya rub da ciki ake yi masa a rufe wuya har ya tafi. Wanda ya farke tanti da dare kuwa abinci yake nema, kuma shawarar hukuma ita ce a yi faɗa da shi da duk abin da hannu ya kai.

Zangunan Yellowstone ba su da shinge. A gandun dajin Kruger na Afirka ta Kudu waya ce ke kewaye da masaukai, ana kuma rufe ƙofa da faɗuwar rana. A nan kuwa mutum kan buɗe tanti da safe ya tarar da ɓaunar Amurka tana kiwo kusa da teburinsa. Doka ta ce a bar tazarar mita 91 tsakanin mutum da beyar ko kyarkeci, mita 23 kuma ga sauran dabbobi. Ɓaunar ce ta fi kowace dabba ji wa mutane ciwo a dajin. Kallonta kamar ba ta da kuzari, alhali namijin kan kai kilo 900, kuma gudunsa ya ninka na mutum sau uku. Abin takaici, da yawa daga waɗanda take ɗagawa sama hoto suka matsa ɗauka. Tausayi ma kan jawo ɓarna: a 2016 wasu baƙi suka ɗauki ɗan ɓauna a mota, wai sanyi yake ji, garken ya ƙi karɓarsa, dole aka kashe shi.

Wuta a cikin murhun ƙarfen kaɗai ake hura ta, ba a tafiya a bar ta, kuma kafin barci sai an kwarara mata ruwa an motsa tokar har ta huce. In fari ya yi tsanani akan hana ta gaba ɗaya. Gobarar 1988 ta taɓa kusan kashi 36 cikin ɗari na dajin. Tsawa ce ta tayar da da yawa daga wutar, amma mafi girma, wadda ake kira North Fork, guntun sigarin wani mai saran itace ne ya tayar da ita a dajin da ke maƙwabtaka. Mutum kusan 25,000 suka yi aikin kashe ta, ba ta lafa ba sai da ruwa da dusar ƙanƙara suka sauka a watan Satumba. Wani zafin kuma daga ƙarƙashin ƙasa yake. Akwai maɓuɓɓugai da ramukan tururi sama da 10,000, fiye da 500 daga ciki masu tsartuwa sama, irin su Old Faithful. Ƙasar da ke kewaye da su ɓawo ne marar kauri a kan tafasasshen ruwa, kuma mutum fiye da 20 sun mutu da ƙuna a cikinsu. Gadar katakon da aka shimfiɗa da hanyoyin da aka keɓe su kaɗai ake bi.

Wanda zango ya yi wa hayaniya yana iya neman takardar izinin kwana a can cikin daji, inda akwai gurabe kusan 300 da sai a ƙafa ko a doki ko a kwalekwale ake isa. Can babu famfo, ruwan rafi sai an tafasa ko an tace. Abinci da igiya ake rataye shi, mita uku daga ƙasa, fiye da mita ɗaya daga jikin itace, tanti kuma a kafa shi kimanin mita 91 daga inda aka yi girki. Duk sharar da mutum ya yi, a bayansa zai goyo ta ya fito da ita.

Lokacin kwanan tanti gajere ne. Yawancin zanguna tsakanin Mayu da Yuni ake buɗe su, a rufe a Satumba ko Oktoba. Mammoth kaɗai aka saba bari a buɗe duk shekara, domin hanyar da ta bi ta arewacin dajin ce kawai ake share wa dusar ƙanƙara don motoci. Ko a cikin lokacin ma shiri kan rushe. A watan Yuni na 2022 ruwan sama ya haɗu da narkewar ƙanƙara, ambaliya ta cinye hanyar ƙofar arewa, aka rufe ƙofofin dajin biyar, aka kwashe baƙi fiye da 10,000. Layin waya ba ya samuwa a mafi yawan dajin, don haka masu tafiya kan duba sanarwar hanyoyi da ta zanguna tun kafin su shiga, su riƙe taswirar takarda, su kuma bar wa wani na gida bayanin inda za su kwana da ranar da za su fito.