Jarka na karɓar faci, taya ba ta narkewa: sirrin yana cikin ƙullin roba

A Tirmini, kan babbar hanyar da ta fito daga Zinder zuwa Maraɗi, jarkar ruwa in ta tsage ba a jefar da ita. Mai gyara zai gasa ƙarfe a wuta, ya narkar da guntun roba a kan tsagar, da ta huce sai a koma rijiya. Amma ko ƙwararre ba zai yi wa tsohuwar tayar mota haka ba. Ita sai dai a yanka takalma ko guga, in kuwa aka matsa mata da wuta ta kama baƙin hayaƙi.

Bambancin yana cikin ginin ƙwayoyinsu. Robar jarka da leda dogayen zaruruwa ne kwance kusa da juna ba ƙulli, shi ya sa zafi ke sassauta su, sanyi ya mayar. Zaren taya kuwa an ɗaure shi da farar wuta, dabarar da Charles Goodyear ya yi wa rajista a 1844. Ƙullin ne ya ba ta ƙarfi, shi ne kuma ya hana ta narkewa.

Masana na neman ƙullin da zai riƙe gam, ya kuma kwance in an so. A 2002, ayarin Fred Wudl na jami'ar UCLA a Amurka ya haɗa robar da ke da sinadaran furan da maleimide, bisa hanyar da Otto Diels da Kurt Alder suka gano a 1928. Da zafi ya haura digiri 120 sai wani kaso na ƙullin ya buɗe, da ya sauka su sake kamawa, tsaga ta haɗe ba tare da gam ba. Zaman da ƙwayoyin biyu suka yi wa juna da abin da aka rataya wa furan su ke tsayar da zafin kwancewar. Wannan lissafi ba wasa ba ne a ƙasar da kwalta ke ƙona ƙafa a watan Afrilu, don robar da ke saki da wuri ba ta da amfani a nan.

Furan ɗin ma daga totuwar masara da tuƙar rake ake samo tushensa.

Nijar ta haramta siraran ledoji tun 2014, ga su nan dai a jikin ƙayoyi. Tayoyi kuwa, har yanzu masu yanka takalma ne ke rage su.