Sabbin Binciken Likitanci Guda Biyar da Ya Kamata Ka Sani: Haihuwa, Sikila, Maleriya, Hawan Jini da Lafiyar Yara

Kusan kullum sai ka ji an ce "bincike ya gano" kaza, a rediyo ko a waya. Wani labarin gaskiya ne, wani kuma tallar magani ce aka yi wa ado. A wannan maƙala mun zaɓo bincike biyar da aka gudanar a 'yan shekarun nan a kan marasa lafiya na gaske, aka kuma wallafa su a manyan mujallun likitanci na duniya. Dukkansu an yi su ne a Afirka, wasu ma a Kano, Kaduna da Dosso. Za mu faɗa maka abin da aka gano, da abin da ya rage gare ka ka yi.

Yadda ake gane ingantaccen gwaji

Likitoci ba sa amincewa da magani don kawai wani ya sha ya warke, domin mutane da yawa suna warkewa da kansu ko ba su sha komai ba. Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a raba marasa lafiya gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Gida ɗaya a ba su sabon magani ko sabuwar hanyar kulawa, ɗayan kuma a ci gaba da ba su abin da aka saba, ko ƙwayar da ta yi kama da maganin amma babu magani a cikinta. Bayan wani lokaci sai a ƙirga: mutum nawa suka kamu, nawa aka kwantar, nawa suka rasu a kowane gida. Da yake ƙuri'a ce ta raba su, bambancin da aka gani daga maganin yake. Duk binciken da ke ƙasa ta wannan hanya aka bi.

Zubar jini bayan haihuwa

Zubar jini bayan haihuwa shi ne babban abin da ke kashe mata masu haihuwa a duniya. Matsalar ta daɗe da sanuwa: ungozoma ko likita kan ƙiyasta yawan jinin da ido, shi kuwa jini yana jiƙa zani da katifa, yana gauraya da ruwa, sai a ga kamar bai kai ba. Kafin a farga, mace ta galabaita.

A shekarar 2023 aka wallafa sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu, ya kuma shafi mata sama da 200,000 da suka haihu da kansu. Jami'ar Bayero ta Kano ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya, ƙarƙashin Farfesa Hadiza Galadanci. Abu biyu aka gwada. Na farko, wata leda mai ma'auni da ake shimfiɗa wa mace da zarar ta haihu, jinin ya riƙa taruwa a cikinta ana ganin adadinsa. Na biyu, da zarar jinin ya kai iyakar haɗari, a yi komai a lokaci guda: a murza mahaifa, a yi allurar da ke sa ta tsuke, a ba da maganin traneksamik mai hana gudan jini narkewa, a ɗaura ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, a kira babban likita idan bai tsaya ba. A da ana gwada ɗaya ne, a jira, sannan a gwada na gaba.

A asibitocin da suka ci gaba da tsohuwar hanya, mata 43 cikin kowace 1,000 sun zubar da jinin da ya kai lita ɗaya, ko aka yi musu tiyata saboda jini, ko suka rasu. A asibitocin da suka bi sabuwar hanya, mata 16 ne cikin 1,000. Wato an rage haɗarin da kashi 60 cikin ɗari, ba tare da ƙirƙiro wani sabon magani ba.

Darasin a gare ki, mai juna biyu, da ku magidanta, shi ne cewa minti kaɗan ne tsakanin tsira da halaka. Wani babban gwaji da aka wallafa a 2017 ya riga ya nuna cewa traneksamik ya fi aiki idan aka ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Yawancin waɗannan matakai ba za a iya yin su a gida ba. Ki je awon ciki, a duba ko kina da ƙarancin jini, ki kuma shirya tun da wuri inda za ki haihu da abin hawan da zai kai ki.

Sikila da shanyewar ɓarin jiki a yara

Yawancin iyaye sun san ciwon ƙashi da ƙarancin jini na sikila, amma kaɗan ne suka san cewa tana iya toshe jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro ta jawo masa shanyewar ɓarin jiki. Idan ba a ɗauki matakin kariya ba, kusan yaro ɗaya cikin goma masu sikila zai gamu da haka kafin ya kai shekara 20. Akwai wani sikanin kai marar zafi da ke auna saurin gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Idan gudun ya yi yawa, yaron yana cikin haɗari. A Amurka, ƙarin jini duk wata ake yi wa irin waɗannan yara, abin da ke da wuya ƙwarai inda jini ke da tsada da ƙaranci.

Gwajin SPRING, wanda aka yi a asibitoci a Kano da Kaduna, ciki har da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, aka wallafa a 2022, ya nemi mafita. An ɗauki yara 220 'yan shekara 5 zuwa 12 waɗanda sikanin ya nuna suna cikin haɗari. Rabinsu aka ba su ƙwayar haidroksiyuriya miligiram 10 a kan kowane kilo na nauyin jiki kullum, rabin kuma miligiram 20. Yara uku ne a gida na farko suka samu shanyewar, biyar a gida na biyu, adadin da ya yi ƙasa sosai da abin da aka sani ga yaran da ba a ba su komai ba. Waɗanda suka sha miligiram 20 an fi ƙarancin kwantar da su a asibiti.

Wataƙila ka ji labarin maganin Casgevy da ke gyara ƙwayar halitta, wanda Birtaniya da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023. Ci gaba ne babba, amma kuɗinsa a Amurka ya haura dala miliyan biyu ga mutum ɗaya. Abin da ke hannunka yau shi ne ka kai ɗanka asibitin masu sikila, ka tambaya a yi masa sikanin kai, ka kuma tambayi likita ko ya dace ya fara haidroksiyuriya. Kada ka saya da kanka, domin tana iya rage ƙwayoyin jini, sai ana gwajin jini lokaci zuwa lokaci.

Allurar rigakafin maleriya

Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurar RTS,S a 2021, sannan R21 a 2023. A Ghana, Kenya da Malawi, inda aka fara ba da RTS,S tun 2019, mutuwar yaran da suka kai shekarun karɓar allurar ta ragu da kashi 13 cikin ɗari. Gwajin R21 a kan yara 4,800 a Burkina Faso, Mali, Kenya da Tanzaniya ya nuna raguwar kamuwa da kusan kashi 75 cikin ɗari a shekarar farko a yankunan da maleriya ke zuwa da damina. Kamaru ta saka allurar cikin rigakafin yau da kullum a Janairun 2024, Nijar ta fara daga Gaya a Satumba, Najeriya kuma ta fara da jihohin Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024.

Ga wani gwaji da ya kamata iyaye su riƙe. A Burkina Faso da Mali an kwatanta yaran da aka ba maganin rigakafin damina kaɗai, wato wanda ma'aikata ke bi gida gida suna rabawa duk wata, da waɗanda aka haɗa musu maganin da allurar RTS,S. Haɗa biyun ya rage kamuwa da kusan kashi 63, ya rage kwantarwa saboda maleriya mai tsanani da kusan kashi 70. Ashe ɗaya bai isa ya maye gurbin ɗaya ba. Allurar sau huɗu ake yin ta, ana farawa daga wajen wata biyar, kuma ƙarfinta yana raguwa idan ba a cika ba. Ko yaronka ya karɓa, ya ci gaba da kwana a gidan sauro, idan kuma jikinsa ya yi zafi a yi masa gwaji a ranar.

Hawan jini

An daɗe ana ba 'yan Afirka magungunan hawan jini bisa binciken da aka yi a kan Turawa. Gwajin CREOLE, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Dike Ojji na Jami'ar Abuja, ya kwatanta haɗin magani iri uku a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida. Sakamakon da aka wallafa a 2019 ya nuna haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi sauke jini. A 2024 kuma gwajin VERONICA a kan 'yan Najeriya 300 ya gwada ƙwaya ɗaya mai ɗauke da magani uku kaɗan kaɗan. Bayan wata shida, kashi 82 cikin ɗari na masu shan ta jininsu ya daidaita a awon asibiti, a ɗaya gidan kuma kashi 72.

Saboda haka idan likita ya rubuta maka magani biyu ko uku, ba alamar ciwonka ya gagara ba ne. Yawancin masu hawan jini suna buƙatar fiye da magani ɗaya, kuma ƙananan awo na magunguna daban daban kan fi babban awo na guda ɗaya aiki. Kada ka daina sha don ka ji sauƙi. Hawan jini ba ya faɗin zuwansa.

Azitromaisin da mutuwar ƙananan yara a Nijar

Wannan binciken yana buƙatar a karanta shi da natsuwa. Gwajin MORDOR na 2018 ya nuna cewa raba wa dukkan yaran gari maganin azitromaisin sau biyu a shekara ya rage mace-macen yara da kusan kashi 18 cikin ɗari a Nijar, amma a Malawi da Tanzaniya ragin bai taka kara ya karya ba. Gwajin AVENIR da aka yi a ƙauyukan Dosso da Tahoua, aka wallafa a 2024, ya samu ragin kashi 14 idan aka ba wa yara daga wata ɗaya zuwa wata 59. Da aka taƙaita shi ga jarirai 'yan ƙasa da shekara ɗaya, ba a ga ragi tabbatacce ba.

Sai dai an kuma ga ƙwayoyin cuta masu bijire wa irin wannan magani sun ƙaru a garuruwan da aka raba shi. Shi ya sa wannan shiri na hukuma ne, ana yin sa a yankunan da mutuwar yara ta yi yawa, ana kuma sa ido a kan bijirewar. Bai ba ka izinin sayen azitromaisin a kemis ka ba ɗanka don rigakafi ba. Yin haka zai lalata maganin ranar da ake matuƙar buƙatarsa.

Idan ka ji sabon bincike

Yi wa kanka tambaya uku. A kan wa aka gwada: mutane ko ɓeraye, mutum goma ko dubu goma, masu irin ciwonka da shekarunka? Da me aka kwatanta shi? Sannan me aka auna: raguwar mutuwa da kwantarwa, ko canjin wata lamba a takardar gwaji? Ka kuma lura cewa "ragin kashi 60" ba ya nufin haɗari ya ƙare. A gwajin zubar jini har yanzu mata 16 cikin 1,000 sun shiga haɗari. Duk wanda ya ce maganinsa yana warkar da kowa, ko yana maganin cututtuka goma a lokaci guda, ka yi hattara da shi.

Idan ɗaya daga cikin waɗannan bincike ya shafe ka ko wani naka, rubuta tambayarka ka tafi da ita asibiti: ko ana auna jini da leda mai ma'auni a ɗakin haihuwa, ina ake sikanin kai na masu sikila, ko allurar maleriya ta iso ƙaramar hukumarku. Kada ka sauya ko ka daina wani magani sai ka yi shawara da likitanka. Allah Ya ba mu lafiya.