Idan Lua Ta Ƙi Karɓar Rubutu, Ina Saƙon Kuskuren Yake Shiga?

Mene ne dasa harshe cikin manhaja?

Manyan manhajoji da yawa da harshen C ko C++ ake gina su, saboda gudunsu. Matsalar ita ce, ko ƙaramin gyara ka yi sai an sake harhaɗa manhajar. Shi ya sa masu gini ke dasa wani ƙaramin harshe a ciki, wanda mai amfani zai rubuta umarni da shi ba tare da ya taɓa ginin ba. Lua na cikin waɗanda suka fi shahara a wannan aiki. A 1993 aka ƙirƙiro ta a jami'ar PUC-Rio da ke Brazil, kuma ana amfani da ita a wasan World of Warcraft da manhajar Wireshark.

Wa ke gano kuskuren?

Kafin Lua ta aiwatar da komai, wani sashenta yana bin rubutun kalma bayan kalma don ya ga ko ya bi nahawun harshen. Shi ne mai tantance nahawu. Da ya ci karo da abin da bai dace ba sai ya tsaya cak. Kada ka zaci zai buga maka gargaɗi a allo. Lua baƙuwa ce a cikin manhajarka, ba ta magana sai an tambaye ta.

To ina saƙon?

C da Lua suna miƙa wa juna kaya ta wani wuri da ake jera abubuwa ɗaya bisa ɗaya, kamar tulin faranti: wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara ɗauka. Idan ka kira luaL_loadfile ko luaL_loadstring don loda rubutun Lua daga C, za a mayar maka da lamba. Sifili na nufin lafiya lau, an ɗora shirin a saman tulin. Idan LUA_ERRSYNTAX ce ta dawo, saƙon kuskure ne a saman. Ka karanta shi da lua_tostring(L, -1), inda -1 ke nufin na can sama, sannan ka cire shi da lua_pop.

A nan mutane ke tuntuɓe. Abin da lua_tostring ke ba ka adireshin saƙon ne a ma'ajiyar Lua. Da zarar ka cire shi daga tulin, sashen Lua mai share abubuwan da ba a buƙata a ma'ajiya yana iya goge shi a kowane lokaci. Saboda haka ka kwafa shi tukuna.

Me saƙon ke faɗa?

Ga misali: wasa.lua:7: unexpected symbol near '='. Sunan fayil ne, sai lambar layi, sai abin da ya faru, wato an ga alamar da ba a zata ba. Amma layin da aka ambata inda mai tantancewa ya gaza ne, ba lallai nan kuskuren ya fara ba. Idan ka manta kalmar end, sai ya kai ƙarshen fayil kafin ya koka, ko da yake yakan gaya maka layin da ka buɗe abin da ba ka rufe ba.

Idan nahawu daidai ne fa?

Kuskure na iya tasowa lokacin aiki. Irin wannan kuskuren, lua_pcall mai aiwatar da shirin ce ke kama shi, ta ajiye saƙon a saman tulin. Idan lua_call ka yi amfani da ita ba kariya, manhajar gaba ɗaya za ta mutu. Akwai gajeriyar hanya, luaL_dostring, mai haɗa matakan biyu na lodawa da aiwatarwa, sai dai 0 ko 1 kawai take mayarwa, ba za ka bambance irin kuskuren daga lambar ba. A ganina, raba su ya fi.

Nawa ne kuɗin wannan duka?

Lua kyauta ce, ƙarƙashin lasisin MIT. Aikin duba lambar da kwafe saƙon kuwa layuka huɗu ko biyar ne na C.