Miyar Nama Mai Yaji

Mutanenmu na Na'ibawa da yawa suna aiki a masana'antun Sharada da Challawa da Bompai. Da yunwa suke komowa gida. Ga miyar da za ta mayar musu da ƙarfi.

Mu sayi naman sa yankan yau. Mu wanke, mu yayyanka ƙanana. Mu tafasa shi da albasa da gishiri. Mu jajjaga tattasai da tumatir da attarugu, mu soya da man gyaɗa. Sa'an nan mu zuba naman da romonsa, mu sa daddawa, mu rage wuta.

Kada mu yi gaggawa. Naman da bai nuna ba yana sa tsutsar ciki. In mun sauke, mu rufe tukunya saboda ƙuda.