Ƙodar ƙaramar dorina, daga teburin mahauci

Babu dorina a Gulbin Maradi, babu ita a Gulbin Kaba. Ruwan da ke zuwa da damina ya ɗauke da rani ba zai riƙe ta ba. A Nijar sai an je kogin Kwara, wajen Ayoru, ake ganin babbar. Ƙaramar kuwa, wadda nauyinta bai cika wuce kilo 275 ba, tana can cikin dazuzzukan Laberiya, Saliyo, Gini da Kodebuwa, kuma ƙiyasi ya nuna waɗanda suka rage ba su kai 3,000 ba. Amma mai son ya gane yadda ƙodarta take, ya tsaya gaban mahauci ranar kasuwa a Gazawa, Agye ko Gidan Rumji.

Ya ce a nuna masa ƙodar akuya da ta sa. Ta akuya sumul take, siffar ƙwayar wake, haka ma ta rago. Ta sa kuwa ƙullutu-ƙullutu ce, kashi wajen 20, kitse ya shiga tsakaninsu. Ƙodar ƙaramar dorina tana cikin wannan sahu na biyu, tare da ta giwa. Kifin whale, wanda masana suka tabbatar shi ne dangin dorina mafi kusa a cikin dabbobin da ke raye, ya fi kowa: tasa ta rabu ɗaruruwa, kowane kashi yana tace jini da kansa. Ɗan Adam ma da irin wannan ƙoda yake farawa a cikin mahaifa, daga baya ta shafe.

A ganina cikin ya fi wajen ban sha'awa. In an tsaga ƙodar rago ta tsawo, za a ga ɓawo a gefe da wani sashe mai zane-zane a tsakiya. A ɓawon ake tace jini. A tsakiyar kuwa siraran bututu ne ke nutsawa su dawo, suna tsotse ruwa suna mayar wa jiki. Ƙodojin mutum kan tace lita wajen 180 a yini, amma fitsarin da ke fita wajen lita ɗaya da rabi ne kawai. Sauran duk ya koma jini. Gwargwadon tsawon bututun, gwargwadon ruwan da dabba ke iya tsimi. Shi ya sa sashen tsakiya na ƙodar raƙumi yake da kauri, fitsarinsa kaɗan kuma kakkaura. Jar akuyar Maradi ma ta fi saniya haƙurin ƙishirwa. Ƙaramar dorina ba ta da wannan larura, tunda a fadama take wuni. Ta fata take asarar ruwa, shi ya sa ba ta nisa da laka.

Raunin nata ya fito ne a gidajen namun daji na Turai da Amurka. Likitocin dabbobi da suka buɗe gawarwaki sun yi ta tarar da ƙodoji cike da ƙuraje masu ruwa, waɗanda ke girma a hankali har su danne naman da ke aiki. Mutane ma suna da irin wannan ciwo, kuma gadonsa ake yi. Da yake ƙananan dorinan da ke tsare ƴan kaɗan ne, masana na ba da shawarar a riƙa duba ƙodar kowace da na'urar hoton ciki tun tana da rai.